Guntun itace a tiyon shofaj

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don Alhajin da ke ciki yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau gaisuwar bakin yatsa yake mini.

Yana da motar haya mai kujera goma sha tara, tana jigila tsakanin Matameye da Ɗan Barto. Direbanta dattijo ne, da ita yake ci da gidansa. Sai motar ta tsiri zafi. Kafin a bar gari allurar zafin injin ta kai ja, radiyato na tafasa kamar tukunyar wake. Alhaji ya tsare direban a garaji gaban jama'a, ya ce ragon banza ne, ba ya zuba ruwa, yau zai ajiye makulli. Dattijon ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa mai ƙafar yawo, na taɓa zama Tamanrasset inda sanyi ke sa a kunna shofaj, abin ɗumama cikin mota. Can na koyi cewa ruwan injin ne ke bi ta cikinsa. Na ce a kunna mu gani. A tsakiyar bazara. Garaji ya kwashe da dariya, Alhaji ya ce wanda ya zaga duniya bai dawo da ko keke ba, shi ne zai koya masa mota.

Aka kunna. Injin na wuta, iskar da ke fitowa babu ɗumi ko kaɗan. Na shafa tiyo biyun da ke haɗe da shofaj ɗin, ɗaya ya ƙona ni, ɗaya kuwa da sanyi. Na sa makaniki ya zare mai sanyin. Ga guntun itace an feƙe shi tsaf an cusa. A garinmu haka ake yi in tiyon ya fara ɗiga, wai wa ke neman ɗumi a nan. Ita kuwa irin wannan mota, ta nan ruwa ke komawa famfon da ke zagaya da shi cikin injin, in an toshe sai zafi.

Na ɗaga itacen sama, ina jin kaina.

"Wane jaki ne ya yi wannan aiki?"

Makaniki ya shiga neman wani abu a ƙasa. Wani ya yi tari. Sai na lura da sassaƙar, irin ta wuƙar da Alhaji ke feƙe asawaki da ita.

"Jakin gidanku ne," in ji Alhaji. "Ka gama?"

Ya miƙa wa direban hannu, ya karɓi makulli, ya ce tunda ya sami lauya, lauyan ya ba shi mota.

Motar ta warke ranar. Wani ke tuƙa ta yanzu.

Bayan kwana biyu na iske dattijon zaune a tasha. Ashe sau uku ana karɓe masa makullin nan, yana ɗaukar laifi, ya je gida da safe ya durƙusa, a mayar masa. Wannan karon babu laifin da zai roƙa a yafe. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, don Allah, wa ya aike ka?"