Gargaɗin Tsutsa a Bayan Hoton Shugaba

Ko zan manta duk ayyukan da na taɓa yi, ba zan manta shafin intanet ɗin da na tsara wa wata ƙungiyar manoman rani ta wajen Bebeji ba. Ni 'yar gidan masu noman tumatir ce, na san abin da mutum ke nema idan ya buɗe waya a bakin gona da 'yar ragowar data. Don haka na jera manyan maɓallai a shafin farko: Ruwa, Iri, Cuta. Shi ke nan.

Ranar da na kai wa kwamiti, sai ka ce saɓo na yi. Shugaba ya ce ai ba a shiga gidan mutane a zarce rumbu ba a gaida masu gida ba. Sakatare ya ce gaskiya ne, ma'aji ya ce ƙwarai. Aka umarce ni in sauya: maɓallin farko jawabin shugaba, na biyu hotunan iyayen ƙungiya bisa girma, sauran kuwa sunayen ofisoshi. Kowace sanarwa sai ta zauna ƙarƙashin mai muƙamin da ya kawo ta, kada wani ya ci yabon wani. Har gardama aka yi kan wanda hularsa ta fi fitowa. Na ce, "Ranka ya daɗe, manomi bai san ofis ba, matsalarsa ya sani." Aka ce boko ne ke ɗibata. Na yi musu yadda suke so, na miƙa aiki, na koma Kano raina a ɓace.

Da rani ya tsaya, tsutsar nan mai cinye tumatir ta ɓulla ta wajen Kiru. Malamin gona ya aiko da gargaɗi da sunan magani tun da wuri. Aka sa a shafi, amma a ƙarƙashin Ofishin Mataimakin Sakatare. Kawuna ya ji ƙishin-ƙishin ya buɗe shafin. Ya wuce jawabi, ya shiga hotuna, data ta ƙare kafin rawunna su gama fitowa. Ya ce ai da akwai wani abu da an sa a gaba, ya koma ban-ruwansa. Kafin labari ya iso shi da baki, gona ta zama kamar an bi ta da wuta.

A taron jaje, ina zaune, shugaba ya ce su dai sun sanar, mutane ne ba sa karatu. Kawu ya miƙa masa waya ya ce, "Alhaji, nuna mini." Shugaba ya danna, ya koma, ya sake dannawa, gumi na keto masa, ƙarshe ya miƙa wa sakatare. Shi ma bai gano ba. Ban ji tausayinsu ba ko kaɗan, girman kai rawanin tsiya.

A waccan shekarar Kawu bai ɗebi ko kwando ɗaya ba, kuma babu wanda ya ba shi haƙuri. Tun daga nan, duk mai ba ni aiki sai na tambaye shi wa zai shigo, kuma me ya koro shi. In ya fara zancen hotonsa, sai in ce ya nemi wata. Wanda gonarsa ke lalacewa ba gaisuwa ya zo yi ba.