Bayan Na Sauka Daga Motar Jiniya

Bayana ne ya riga ni ajiye aiki. Shekara goma sha biyu na yi a motar ɗaukar marasa lafiya a Birnin Kebbi, ina tsayar da jini, ina ɗaure karaya, ina neman jijiya mota tana gudu tana faɗawa ramuka. Wata Laraba da hantsi muka je ɗauko wani Alhaji da ya zame a banɗaki. Mutum ne da Allah ya yi wa jiki. Na sunkuya na kama gefen gadon da muka ɗora shi a kai, na yunƙura, sai na ji ƙas a ƙuguna. Alhaji ya isa asibiti a zaune yana ba direba labari, ni kuwa ina kwance a gefensa. Likitan ƙashi ya duba hoton da aka ɗauke ni, ya ce in dai ina so in riƙa yin ruku'u da kaina har tsufa, to in daina ɗaga mutane.

Ban san ina da mashawarta da yawa ba sai da na zauna gida. Abokan aikina da suka riga ni barin motar kowa ya kawo tasa. Ɗaya ya koma makaranta ya zama nas, ya ce in biyo shi, amma ni na duba furfurata na duba tsawon karatun. Wani yana bin ƙungiyar ƙwallon ƙafa da akwatin magani, aikinsa gudu cikin fili, abin da bayana ba zai yarda da shi ba. Tsohon direbanmu kuwa keke napep ya saya, kullum kukansa ɗaya, wai mutanen garin nan ba su da tarbiyya, ba a ba shi hanya.

Surukina da ke Gulma shi ya fara cin nasara a kaina. Ya ce, "Mi kaka jira? Ga fadama nan, ka taho ka yi shinkahwa kamar kowa." Ba a musu da suruki. Na je lokacin dashe. Abin da ban yi tunani ba shi ne, dashen shinkafa ruku'u ne da ba a ɗagowa. Rana ta biyu kafin azahar na kasa miƙewa, aka kwantar da ni a keken shanu aka kai ni cikin gari. Na dai lura shanun sun fi direbanmu kauce wa rami.

Da na warke sai wani mai kemis a unguwar Nasarawa ya neme ni. Inyamuri ne, ya zo garin tun yana saurayi, kuma Hausarsa ta fi tawa zama ta Kabi. Ya ce tun da unguwa duk likita ake ce mini, in zauna masa a shago. Na gaya masa ni ba likita ba ne, ya ce shi ma bai ce ba. Matsalar ita ce na saba tambaya. Wani ya zo yana son allurar gajiya, na tambaye shi me ya ci tun safe, ya ce bai ci komai ba, na tura shi wurin mai tuwo. Wata ta zo sayen ƙwayar hawan jini don ta ga ta karɓi maƙwabciyarta, na sa ta tafi asibiti a auna ta. Bayan mako uku Oga ya kira ni bayan kanta, ya saya mini lemo mai sanyi.

Ya ce, "Likita, tun da kaz zo mutanen unguwa sun samu lahiya. Shagon ne yak kwanta."

Muka yi dariya, muka rabu lafiya. Har bakin ƙofa ya rako ni yana cewa mai baki irin nawa koyarwa ta dace da shi. Na ɗauka hanyar sallama ce kawai.

Bayan ɗan lokaci matata ta aike ni Argungu sayen bandar kifi. Ina cikin ciniki a bakin kasuwa na ji ƙara. Wani ɗan kabu-kabu ne ya yi karo da keke napep, yana kwance a titi, ƙaurinsa ya karye, jini na zuba. Kafin in ƙarasa mutane sun rufe shi, kowa da nasa taimakon. Wani na sheƙa masa ruwa, wani ya kama ƙafar zai ja wai ta koma, wani ya ɗebo ƙasa zai zuba a raunin, wata baiwar Allah kuma ta buɗe gwangwanin madara tana neman bakinsa. Ban san lokacin da tsohuwar muryata ta aiki ta fito ba. Na ce kowa ya ja baya, kuma abin mamaki suka ja.

Sunkuyawa ba ta yiwuwa a gare ni, don haka na tsaya a kansa ina nuni. Na sa mai shayi ya ninke tsumma mai tsabta ya danne raunin da ƙarfi. Na sa aka yago kwali aka tallafe ƙafar, aka ɗaure da gyalen matar nan mai madara. Na zaɓi mutum huɗu, na nuna wa kowa inda zai kama, na ƙirga, suka ɗaga shi a tare zuwa bayan wata a-kori-kura. Da motar ta tafi asibiti sai na ga ban taɓa shi ba ko sau ɗaya, kuma an yi aikin daidai. Har yanzu kifin yana hannuna.

Wani dattijo ya matso ya ba ni hannu, ya ce shi ne shugaban 'yan kabu-kabu na tashar.

"Malam, abin ga da kay yi, ana koya shi?"

"Ana koyawa, Baba."

"To ka taho ran Asabar. Mu ne ka riga kowa isa wurin hatsari, kuma mu ne ka ƙarasa mutum."

A wurin aikinmu da akwai mutum-mutumin roba da ake koyon danna ƙirji a kansa. Ni ba ni da shi. Matata tela ce, ta ce in bar mata. Ta ɗinka buhuna biyu, ta yi kai da hannuwa da ƙafafu, surukina ya aiko da ƙaiƙayin shinkafa aka ɗura. Ta sa masa tsohon kaftanina da hula, ta ja baya ta dube shi, ta ce ya fi ni kwarjini.

Ranar Asabar na ɗora shi a bayan babur, na ɗaure shi a jikina da igiya, muka kama hanyar Argungu. Duk wanda muka wuce mu biyu yake gaisarwa. Da muka yi nisa wuyansa ya langaɓe, kansa ya faɗo a kafaɗata, wasu mata da ke tsaye a bakin hanya suka fara salati. A shingen jami'an tsaro wani ya tsayar da ni, ya leƙa a hankali, ya rage murya.

"Maigida, wannan bawan Allah yana numfashi kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi za mu je nema masa."

Ya ɗaga hular, ya ga buhu, ya kira abokan aikinsa su ma su gani.

A gindin wata ɗorawa muka yi darasin farko. Na nuna musu inda ake ɗora hannu da yadda ake dannawa ba tsayawa. Wani ƙato ya zo ya danna da dukan ƙarfinsa, ɗinkin wuya ya fashe, ƙaiƙayi ya watsu a fuskar shugaba. Da na zo kan hura numfashi a baki, wani ya ɗaga hannu ya tambaya da gaske, in wanda ya faɗi ya ci albasa fa. Na ce masa ya ci gaba da danna ƙirji, hakan ma ya isa har a kai asibiti. Suka daɗe suna muhawara kan madara. Da yawansu ba su yarda cewa ba ta maido da jini nan take ba, amma sun amince ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.

Daga nan maganar ta bazu. Masunta suka kira ni kan wanda aka tsamo daga ruwa, wani kamfanin casar shinkafa ya sa ni koya wa ma'aikatansa, daga baya wata makarantar koyon aikin lafiya ta ba ni aji kwana biyu a mako. Abincin gida ya daidaita, bayana ma ya huta. Wanda ya karye a bakin kasuwa ya warke, yana ɗan ɗingishi, kuma shi yake zama a gaba duk Asabar.

Mata masu sayar da kifi ne suka kusa kayar da ni. Sun taru da yawa a gidan shugabarsu, na shimfiɗa mutumina a tabarma, sai kowacce ta kau da kai. Shugabar ta ce su matan aure ne, ba za su danna ƙirjin namiji ba, ko na buhu ne. Na dawo gida na gaya wa matata. Sai ta cire masa kaftani da hula, ta ɗaura masa zane, ta sa masa riga da kallabi, har da kwalli ta zana masa. Mako na gaba matan suka karɓe ta da murna, suka yi layi suna dannawa, wata tsohuwa ma tana yi mata sannu. Shugabar ta ce wagga ta fi wancan hankali, daga gani. Na ce ƙwarai kuwa, Hajiya, muka ci gaba da darasi.