Kunnen da Ba a Toshe Ba

Shagon Sannu-Sannu ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran agogo da mai facin taya, a ƙarƙashin benen da yake haya shi da matarsa. In za ka shiga sai ka sunkuya, don matattun fankoki ne rataye a rufin, suna jiran ranar tashinsu. Asalin sana'arsa naɗin koyil ce, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin inji. Fanka ta ƙone, ko injin jawo ruwa ya tsaya, a kawo masa, ya kwance ƙonanniyar waya ya naɗa sabuwa. Sunan kuwa matarsa ce ta laƙaba masa tun suna ango da amarya, ya bi shi har 'ya'yansa ma sai sun yi tunani kafin su tuna na yanka.

Harkar jita tsintarta ya yi. Wani makaɗi da ake kira Dogo ne ya shigo wata rana da jitarsa ta lantarki da ta yi gum, bayan ya gama yawon masu gyaran rediyo kowa ya ce ba layinsa ba ne. Sannu-Sannu ya kwance ɗan akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya leƙa, sai ya yi dariya.

"Ashe ma 'yar gida ce," in ji shi. "Koyil ne, sai dai shi ba ya juya komai. Saurare kawai yake yi."

Maganaɗisu ne ƙanana a jere, an naɗe su da wayar tagulla siririya kamar gashin jariri. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansu, sai wayar ta ji, ta aika wa lasifika. Makaɗa fikof suke ce masa. Shi kuwa tun ranar ya sa masa suna kunne, bai kuma sake kiransa da wani abu ba.

Abin dariya, mutumin nan bai iya kaɗa jita ba, ko alama. Tsirkiya ɗaya yake taɓawa, ya karkata kai, ya lumshe ido har sautin ya mutu. Amma shekaru suka koya masa halin kunnuwan nan. In ya cika naɗi, murya ta yi kauri da ƙarfi, sai dai ta yi duhu. In ya rage, ta fito garau, siririya, mai sheƙi a baki-baki. Sabon maganaɗisu mai ƙarfi tsiwa gare shi, tsoho wanda ya sha duniya ya fi taushin harshe. Koyil biyu da aka naɗa kowane ya ba ɗan'uwansa baya suna cinye gurnanin lantarki, amma su haɗa da ɗan hasken sautin su cinye. Ƙarshen aiki kuma ya narka kakin zuma a gwangwani ya tsoma kunnen ciki, har kakin ya ratsa tsakanin wayoyin ya daskare. In ba a yi haka ba wayar tana motsi da kanta, kunnen ya riƙa jin duk abin da ke ɗaki, ya yi ta kururuwa a lasifika.

A kan tsohon keken ɗinkin matarsa yake naɗin. Ƙafa tana taka feda, waya tana silalowa tsakanin yatsu biyu, shi kuma hankalinsa ya tafi yawo. Wani lokaci ya ga kamar wayar ba ta da ƙarshe, kamar daga wani gari mai nisa ake miƙo masa ita, shi dai nasa ya karɓa ya naɗe. Rana ta ratso ta wata 'yar kafa a ƙofa ta sauka kan tagullar, shagon ya yi ja-ja, ya manta ko ya ci abinci.

Abin da ke dawo da shi duniya muryar matarsa ce. Rediyo ake ce mata a layin, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Daga tagar bene take gaida mai agogo, ta yi wa mai faci tsiya, ta tambayi mai wucewa lafiyar uwarsa, duk a numfashi ɗaya. Muryar tana sauko masa ta katakon rufi tun safe har rana ta faɗi.

"Maigida! Ka mutu ne a ƙasan nan ko kana naɗi?"

"Ina naɗi."

"To duk ɗaya ne. Hawo ka ci, kafin ya huce."

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne da muryar nan yake auna kowane kunne. In ya taɓa tsirkiya, a ransa sai ya ce wannan muryarta ce da sassafe kafin ta sha ruwan zafi, ko wannan ita ce in tana yi wa jika wasa. Wanda bai yi kama da ita ta ko'ina ba, sai ya kwance shi ya sake. Makaɗa suna cewa kunnen Baba yana magana kamar mutum, ba su san wane mutum ba.

To, Allah mai iko. Muryar ta fara dishewa, aka ɗauka mura ce. Mura ta ƙi tafiya, aka je asibiti, likita ya ce akwai wani tsiro a maƙogwaro, sai an yi aiki. Aka yi, aka dace, Rediyo ta dawo gida da ranta da ɗan tabo a wuya. Amma muryar ba ta biyo ta ba. Abin da ya saura ɗan kurman sauti ne can ƙasa, rabinsa iska. 'Ya'yanta mata in sun kawo kunne dab da bakinta suna tsintar maganar. Shi kuwa Sannu-Sannu, shekarun rugugin injina sun riga sun cinye masa ji, ko ya manna kunnensa a leɓenta ba ya jin komai sai ɗumin numfashi. Duk gidan shi kaɗai ne ba ya jin ta.

Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai. Ta koma kiransa da buga cokali a daɓe. Ya hau, su zauna, ta motsa baki, ya gyaɗa kai kamar ya gane, ita kuma ta san bai gane ba. Sai ta yi murmushi ta kau da kai wajen taga. Mai faci ya ce layin ya zama kamar an yi rasuwa, mai agogo ya harare shi ya ce ya iya bakinsa.

Aikin ma ya fara tangal-tangal. Ya taɓa tsirkiya, ya saurara, ya rasa abin da zai auna da shi. A cikin wannan ruɗewar ce ya naɗa wa Dogo sabon kunne, ya ɗaura a jita, ya miƙa masa, gwangwanin kaki na nan a gefe bai ko kunna masa wuta ba.

Bayan kwana biyu, da azahar, sai ga Dogo da jita a kafaɗa da ƙaramar amfilifaya, wato akwatin lasifikarsa, a hannu.

"Baba, wannan kunnen ɗan gulma ne," in ji shi. "Ina kan kiɗa a wajen biki ya tsala ihu, har wata tsohuwa ta zubar da kofinta. Tsaya ka ji."

Ya jona waya, ya ƙwanƙwasa kunnen da farce, lasifika ta ce ƙwas. Ya kawo bakinsa kusa ya yi gyaran murya, sai ga gyaran muryar ta fito ta lasifika, ƙatuwa, har fankokin rufi suka amsa.

Kunya ta kama Sannu-Sannu, don tunda yake bai taɓa manta kaki ba. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya tsaya cak da bakin a buɗe. Ya dubi kunnen, ya dubi rufi.

"Dogo, ara mini lasifikar nan, ka bar mini kunnen. Naka zan naɗa maka wani."

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Je ka dai."

A ranar ne aka ga Sannu-Sannu ya hau bene da gudu, abin da mai agogo ya rantse bai taɓa gani ba. Ya tarar da matarsa zaune bakin gado tana ninke kaya. Ya jona komai, ya ɗora sanyin kunnen a gefen wuyanta, ɗan nesa da tabon. Ta dube shi kamar mai cewa yau kuma haukan ta nan ya ɓullo.

"Yi magana," ya ce. "Ko me."

Ta yi ɗan guna-guni. Lasifika ta yi wani ruri mai kauri, kamar ƙato na magana daga cikin ganga. Ta zabura, ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariyar nan tata da ba ta da sauti yanzu, kafaɗu na girgiza, hawaye na zuba. Shi ma ya yi dariya, amma kansa ya riga ya tafi wajen aiki. Naɗin ya yi yawa, shi ya sa muryar ta yi duhu. A rage. A sassauta hannu don wayar ta sami wurin motsi. A sa murfin ƙarfe marar kauri.

Daga nan fa aka shiga wani hali. Ya sauka ya naɗa, ya hau ya gwada. Wannan ya fito da muryar siririya kamar ta yarinya mai mura. Wancan ya yi kaifi, yana soka kunne. Ya canza maganaɗisu, ya nemo wani tsoho daga jitar da aka yar. Kalmomi suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, ana gane su, amma shi ba kalmomin yake saurare ba. Kafin ta kai ƙarshen magana ya riga ya girgiza kai ya zare kunnen daga wuyanta.

"Ba ita ba ce. Saura kaɗan."

Muryar da yake nema ita ce mai saukowa ta katako, mai gaida layi guda a numfashi ɗaya. Yana jin ta a kansa ƙarara in yana taka feda, har wani lokaci ya amsa da "Ina naɗi" shi kaɗai a shago. Ya wuni a ƙasa. Cokali ya buga a daɓe, ya ce yana zuwa, ya manta. Babbar 'yarsu ta zo ta ce, "Baba, Mama tana zaune ita kaɗai tun safe," ya ce ai don ita yake yi. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta taya kowa hira.

Wata la'asar ya hau da sabon kunne, na nawa ne shi ma bai sani ba. Rana ta karkata ta shigo ta taga, ta kwanta a kan gadon. Ya ɗora mata a wuya, ta ce wani abu, muryar ta fito a dishe, mai ɗan karkarwa, tsohuwar murya ta mutumin da ya sha jinya. Ya girgiza kai ya miƙa hannu zai ɗauke.

Sai ta dafe kunnen da tafin hannunta. Ya ja, ta ƙi saki. Da ɗaya hannun ta kama bakin rigarsa.

"Zauna," in ji lasifikar.

Ya tsaya a sunkuye.

"Maigida, zauna. Waccan muryar ta tafi. Ni ban tafi ba."

Ya zauna a bakin gadon. Kunya da tausayi suka kama shi. Ta daɗe tana kallonsa, tun daga furfurar kansa har wuyan rigar da ya yi masa yawa, tana tara numfashi, don kowace kalma yanzu da wahala take fitowa.

"Ka rame," ta ce.

Ya goge ido da bayan hannu. "Sake faɗa."

"Ai ka ji."

"Na ji. Sake dai."

Ta gyara riƙon kunnen a wuyanta, ta matsa kusa da shi, ta sake faɗa.