Ummaru da Rijiyar da Ba Ta Sha Daidai Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne taubashina, Injiniya Ummaru, a Ƙaura Namoda. Duk sanda lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, don na ga abin da ya tashe ni tsaye da waya a hannu, ina kabbara ni kaɗai a zaure.

Ga wanda bai san aikinsa ba, a ƙasar Larabawan da muka zauna, man fetur yana kwance ne cikin farin dutse, irin wanda ake yin siminti da shi. In rijiyar mai ta fara rowa, sai a tura mata asid, ɗan'uwan ruwan batir, ya ci dutsen ya huda wa mai hanyoyi. Sai dai asid malalaci ne. Inda ya tarar da kafa nan zai bi, ya yi ta faɗaɗa ta, ya bar sauran tsawon rijiyar ko ɗigo bai taɓa ba. Daga sama kuwa ba a ganin komai. Tankuna sun ƙare, mai ya ɗan ƙaru, sai a yi musafaha a watse.

Ummaru ba ya gaggawar miƙa hannu. A lambun albasar mahaifinsa, kawuna, a Birnin Tsaba ya tashi, inda ban ruwa ba ya ƙarewa sai ka bi fangali ɗaya bayan ɗaya ka cusa yatsa cikin ƙasa. Kawu bai taɓa tambayar guga nawa aka zuba ba. Fangalin da ya ƙoshi a toshe bakinsa da laka, ruwa ya wuce gaba. Da wannan ido Ummaru yake kallon rijiyar mai. Bayan kowane aiki sai ya zura ma'aunin zafi da igiyar ƙarfe har ƙasa, domin inda asid ya shiga zafin wurin yakan bambanta da inda bai shiga ba.

Ni tafinta ne a kamfanin da yake yi wa aiki. Na yi aiki da Faransawa masu son rahoto mai tsari, da Amurkawa da ba su da lokacin zama, da Larabawa masu kara irin tamu. Duk cikinsu ban ga wanda ke son a ce masa aikin jiya bai yi ba.

Wata rana awo ya nuna wa Ummaru cewa wuri guda ne ya shanye asid ɗin. Ya ƙi sa hannu a takardar kammala aiki. Aka kira mu gaban wakilin masu rijiyar, wani dattijo da ya fi son a yi masa Larabci. Ummaru ya faɗi tasa da Turanci, ni kuma na shafa mata mai kafin in miƙa. Na manta ya yi karatun zaure, yana jin Larabci. Ya juyo da Hausa.

"Mi ka ce mai?"

"Na ce aiki ya yi, saura ɗan gyara."

"Kai dai matsoraci na tun muna yara. Ce mai rijiya ba ta sha ba."

"Ummaru, takardar zamanka a ƙasar nan tana hannun mutumin nan."

"Bawa ba shi gyara maganar ubangidansa. Faɗa mai yadda na faɗa."

Wasan taubasai ne, amma ba dariya a fuskarsa. Na faɗa. Dattijon ya saurara, ya yi godiya, ya sa aka kawo mana gahawa. Ba a sake aikin ba, kuma da kwantiragin Ummaru ya ƙare ba a sabunta ba. Ya dawo gida ya koyar har ƙarshen ransa, ba wanda ya taɓa ce masa gaskiyarka.

Sai watan jiya 'yarsa Hafsatu, wadda ta gaji aikin, ta turo mini bidiyo. Jama'a, ashe yanzu zaren gilashi ake shimfiɗawa tsawon rijiyar gaba ɗaya, siriri kamar gashi, yana ba da labarin zafin kowane wuri alhali ana cikin turin asid! Abin da Ummaru ke ɓata yini yana laluba bayan an gama, ga shi a allon kwamfuta da launuka, yana motsi. Na ga launi ya taru wuri guda. Na ji muryarta tana cewa a tsayar da famfo. Aka tura wani ruwa mai kauri ya toshe kafar na ɗan lokaci, aka sake turo asid, sai ga launin yana rarrafe, yana bazuwa, har ƙarshen rijiyar. Sau bakwai na maimaita.

Me zai ce da ya gani? Na san ba zai ce na faɗa muku ba. Kujera zai jawo, ya tambaya wa ya auna shi kansa zaren, har ya ishi kowa. Zai yi baƙin cikin lambun kawu da rashin tsaro ya hana mu leƙawa yadda muke so. Amma wannan allon, wallahi da sai an janye shi daga gabansa.

Ba shi ya ƙirƙiro zaren ba, kuma ba na'urar da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya bari ya fi wuyar aunawa, kuma na ji shi da kunnena da na kira Hafsatu.

"Baba, da na ce a tsaya, sun tsaya!"

"Da sun ƙi fa, 'yata?"

Ta yi dariya. "Da ban sa hannu ba. Sai dai ka share mini ɗaki a Ƙaura."

Allah Ya jiƙanka, Ummaru, Ya haskaka makwancinka. Wannan karon sun tsaya.