Ranar da Aka Ce wa Kaka Ta Zauna

Kakata, Mama Uzo, a Sabon Gari aka haife ta, don haka da Hausa take addu'a, da Hausa kuma take faɗa. Bayan magariba takan toya ƙosai a ƙofar gida, mu jikoki mu kewaye murhu tana ba mu labaran Yesu, kamar a unguwarmu ya yi zama.

Lokacin da arzikin mai ya shigo gari kowa ya kama gini, dattawan cocinmu suka yanke shawarar rushe ɗakunan bayan coci su yi shaguna. Tsofaffi uku ne a ɗakunan, duk mazansu sun mutu. Su ne suka tsaya suna share cocin lokacin yaƙin basasa, sa'ad da jama'a suka gudu gabas. Kaka ta miƙe a taro za ta yi magana, sai shugaban dattawa, Baba Okoro ɗan kwangila, ya ɗaga mata hannu.

"Mama, zauna. Ba zancen mata ba ne."

Da yammacin nan ko gaisuwarmu ba ta amsa ba. Ta tura itace har wuta ta tashi, ta fara.

"Da aka kama Yesu, ina mazan da suka ci abinci da shi? Sun arce! Babbansu ma rantsewa ya yi bai san shi ba. Wa ya tsaya har ya cika? Mata. Wa ya yi asubanci zuwa kabari da kayan ƙamshi, maza na ɗaki sun sa sakata? Mata!"

Ta ce matan suka tarar an kawar da dutsen da ya rufe bakin kabarin, babu gawa. Suka sheƙo a guje da albishir cewa ya tashi daga matattu, mazan suka ɗauke shi shirme.

Yayana ya ce, "Kaka, ƙosai na ƙonewa."

"Bar shi ya ƙone! Da matan nan sun zauna kamar yadda aka ce in zauna, wane coci Okoro zai samu ya shugabanta?"

An rushe ɗakunan kafin damina. Tsohuwa ɗaya ta dawo ɗakin Kaka, a nan ta rasu. Sauran biyun aka sa su a mota zuwa ƙauyuka, inda ba wanda ya san su.

Da na girma na shiga makarantar koyon tauhidi, na jera labaran bishara huɗun nan na Littafi Mai Tsarki ina gwada su. Sun saɓa a ƙananan abubuwa, amma duk sun yarda mata ne suka fara isa kabarin. Malaminmu ya kira shi abin sha'awa. Ni raina ne ya ɓaci, don na tuna Baba Okoro da bakinsa ya karanta mana wurin nan ranar Ista, bikin tashin Yesu, ana jin ƙarar magina a bayan coci. Har yau in an zo karatun, ba mai karatu nake kallo ba. Waiwayawa nake yi in ga su wa aka bari a bencin baya.