Agogon Auta

Baba Mai Agogo bai taɓa yarda akwai lokaci biyu a duniya ba. Ya tsufa a ɗan shagonsa na bakin kasuwa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Duk agogon da ya saɓa da na hannunsa, to ba shi da lafiya ne, a kawo a duba.

Shi ya sa zancen Auta ya tsaya masa a rai. Tun da aiki ya kai 'yar autar tasa wani birni can ƙetaren teku, kullum ya buɗe shago sai ya kira ta. Takan ɗauka da murya a shaƙe, ta ce ai su can tsakar dare ne. Alhali ga rana tana dukan ƙofar shagonsa. Ya ce wa matarsa yarinyar nan ta gaji da su, har ta iya yi wa ubanta ƙarya. Matar ta yi bayani har bakinta ya bushe, amma wa zai koya wa mai gyaran agogo lokaci?

Da Auta ta aiko masa da tikitin jirgi, ya ga za a tashi da hantsi a sauka da la'asar, sai ya yi tsaki ya ce ashe ma nan da nan ne.

A jirgi ya ci abinci, ya yi barci, ya farka, aka sake kawo abinci, ƙafafunsa suka kumbura. Agogonsa ya ce an daɗe da yin isha'i, rana kuwa tana nan a taga ta ƙi faɗuwa. Ya cire agogon ya kara a kunne, ya girgiza shi, lafiyarsa ƙalau. Ma'aikaciyar jirgin ta yi dariya, ta ce agogonsa bai yi ƙarya ba, lokacin gida yake faɗa, su kuma rana suke bi a baya.

Baba ya shiga lissafi da yatsu. Kunya ta kama shi, sannan wani daɗi ya rufe shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Da Auta ta rugo ta rungume shi a filin jirgi, ko gaisuwarta bai amsa ba.

"Ashe duk tsakar dare nake tashinki?"

"Eh, Baba."

"Kuma kike ɗauka?"

"To in ban ɗauka ba, ai na san ko karyawa ba za ka yi ba."

Da ya dawo gida sai ya rataye wani agogon bango a shago, ya mayar da hannun agogon baya, daidai da lokacin garin su Auta. Masu kawo gyara sukan tsokane shi, wai ga mai gyara da mataccen agogo. Shi kuwa ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce su rage murya, Auta ba ta tashi ba tukuna.