Ƙudajen da Ba Sa Tashi

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina shekara ta shida a karatun da aka ce na shekara huɗu ne. Yajin aiki ya ci sauran. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Abu ɗaya ya rage mini in fita: binciken ƙarshe, a kan 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro.

Nawa ba sa tashi. Wani ɗan sauyi ne a ƙwayoyin gadonsu ya ɓata furotin ɗin da ke gina fiffike tun suna tsutsa, sai su fito da ɗan dungulmi, su yi ta tattaki a jikin kwalba. Da aka sake rufe makaranta, malamina ya kira ni gidansa a Tarauni ya damƙa mini kwalabe shida, su ke nan irin da ya rage. Ya ce in toshe bakinsu da auduga, baƙon ƙuda ko ɗaya ya shiga iri ya gauraye.

Zafi yana kashe su, don haka na jera su a gindin randa a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ina dama musu ayaba da yis ɗin burodi. Inna kuwa duk zuwanta shan ruwa sai ta tsaya ta leƙa.

"Ke ba kya tsoron haƙƙi? Ga nakasa, kuma kin toshe musu numfashi."

Na yi bayani har na gaji na bari. Ashe da na fita sai ta zare audugar su sha iska, tunda dai ba inda za su, kafin la'asar ta mayar. Lokacin mangwaro ne kuwa, gidan cike da 'yan'uwansu masu lafiya.

Bayan mako biyu na buɗe kwalba zan duba sababbin da suka ƙyanƙyashe, sai fuu, a fuskata. Ta biyu ma haka, har ta shida. Na zauna daɓas a ƙasa, don na san shekara ta bakwai ta same ni. Ko kuka na kasa.

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta bi su da kallo, fuskarta ta washe.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Kin gani ko? Sun warke."